Koyar da jama'a fasahar zamani: a fara daga buƙatar mai koyo

Wata malama mai jagorantar ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta da wayar zamani ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce masu koyarwa a cibiyar tasu 'yan sa-kai ne, ɗaliban kuma yawancinsu manya ne, maza da mata masu sana'a da iyali. Akan buɗe aji a cike maƙil, amma tun kafin a yi nisa sai a ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka daure har ƙarshe kuwa sukan karɓi takardar shaida alhali idan aka bar su su kaɗai ko imel ba za su iya turawa ba. An ba ta shawarar ta rungumi tsarin koyarwa mai sa ɗalibi a gaba, shi ya sa take so ta san abin da tsarin yake nufi a aikace, da kuma ko ma'anarsa ita ce a bar mutane su koya wa kansu.

Malama, bari in fara da ɓangaren ƙarshe na tambayarki, domin a nan ne aka fi samun ruɗani. Sa ɗalibi a gaba ba ya nufin malami ya naɗe hannu ya zuba ido. Abin da yake nufi shi ne a mayar wa ɗalibi abubuwan da malami ya saba yankewa shi kaɗai, wato inda za a fara, da saurin tafiyar, da kuma ma'aunin da za a ce da shi mutum ya iya. Tsara matakai, da nunawa, da gyara, da sa ido duk suna nan a wuyan malami, kuma a ganina nauyinsu ya fi yawa a wannan tsari, domin karanta darasin da aka riga aka rubuta ga mutum talatin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gano inda kowannensu ya maƙale.

Ina kyautata zaton tushen matsalar da kika kawo yana cikin makon farko. Jadawalin da cibiyoyi da yawa suka gada yakan fara ne da tarihin kwamfuta da rabe-rabenta da sunayen sassanta, sannan a shafe makonni ana koyon buga rubutu kafin a taɓa wani abu mai kama da aikin da ya kawo mutum. Magidancin da ya bar sana'arsa na awa biyu kuwa bai zo don ya san shekarar da aka ƙera kwamfuta ta farko ba. Ya zo ne don yana so ya cike fom ɗin neman aiki ta intanet, ko ya tura wa abokin ciniki hoton kaya da lissafinsu, ko ya ga fuskar 'yarsa da ke nesa ta kiran bidiyo. Idan zama uku suka wuce bai hango hanyar da za ta kai shi can ba, zai lissafa abin da yake asara, ya daina zuwa, kuma ba zai faɗi dalili ba don kada ya ɓata wa malami rai. Masanin ilimin manya na Amurka, Malcolm Knowles, ya tattara irin waɗannan halaye daga wajen 1970 zuwa shekarun da suka biyo baya. A cewarsa, babba yana so ya san amfanin abu kafin ya ba shi lokacinsa, yana zuwa da gogewar rayuwa wadda ya kamata a yi gini a kanta, yana son a bar masa ta cewa a kan koyonsa, kuma hankalinsa ya fi karkata ga warware matsalar da ke gabansa fiye da tara darussa don wata rana. Masana sun soki Knowles da cewa yawancin waɗannan halaye har yara ma suna da su, shi kansa kuma daga baya ya sassauta wajen raba manya da yara, amma ga mai tsara horo irin naki bayaninsa yana nan da amfaninsa.

Aikin farko ke nan shi ne sauraro, kuma kafin a rubuta jadawali ake yin sa. A 1963, a garin Angicos da ke arewa maso gabashin Birazil, tawagar masanin ilimi Paulo Freire ta koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin awa 40 na darasi. Abin da aka fi mantawa a labarin shi ne cewa kafin a buɗe aji sai da 'yan tawagar suka shiga cikin jama'a suna hira da su, suna tattara kalmomin da suke amfani da su a aikinsu da gidajensu, sannan aka gina darussan a kan waɗannan kalmomi. A horon fasaha, ayyuka ake tattarawa a maimakon kalmomi. Ki ware wa kowane sabon ɗalibi minti goma a ranar rajista. Kada a tambaye shi me yake so ya koya, domin amsar da za a samu ita ce "kwamfuta" ko "komai da komai", tunda wanda bai san abu ba bai san sunayen sassansa ba. A tambaye shi wane aiki ne a kwanakin nan sai da ya nemi wani ya yi masa a waya ko a kwamfuta, da wane ne ya haƙura da shi don ya rasa mai taimako. Daga nan a roƙe shi ya nuna yadda yake yin wani abu da ya riga ya iya, ko da ajiye lambar waya ne. Gani ya kori ji, domin idan aka dogara da abin da mutane ke faɗa game da iyawarsu, wasu za su rage don kunya, wasu su ƙara don gudun raini.

Idan kika tara amsoshin, za ki tarar buƙatun ba su warwatsu kamar yadda ake tsoro ba, yawanci sukan taru a ayyuka kaɗan da suka shafi kusan kowa. Masu koyarwa sukan ji tsoron cewa bin buƙatun ɗalibai zai sa a tsallake ginshiƙai, amma ki duba abin da ke cikin aiki guda kamar cike fom ta intanet. Sai mutum ya buɗe burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet, ya rubuta adireshi daidai, ya mallaki imel da kalmar sirri, ya koma imel ɗin ya ɗauko lambar tabbatarwa ba tare da ya rufe shafin farko ba, ya ɗauki hoton takarda, ya gano inda hoton ya shiga a cikin na'ura, ya rage girmansa idan shafin ya ƙi karɓa, ya ɗora, sannan ya adana shaidar cewa an karɓa. Kusan duk abin da tsohon jadawali yake so ya koyar yana cikin wannan jeri, bambancin kawai shi ne kowane mataki yana zuwa ne a daidai lokacin da ɗalibi ya ga buƙatarsa, shi ya sa yake zama a kai.

Haka nan ya kamata a koyar a kan na'urar da mutum zai koma gida da ita. Akasarin waɗanda ke shiga intanet a karon farko a yau ta waya suke shiga, don haka idan ɗalibi ya yi wata biyu a gaban kwamfutar cibiya alhali waya kaɗai yake da ita, abin da ya koya zai tsaya a ƙofar cibiyar. Wannan yana da wahalarsa, domin wayoyi sun bambanta, manhajoji kuma kan sauya fuska bayan kowane sabuntawa. Maganin shi ne a daina sa mutane haddar jerin latse-latse, irin su "maɓalli na uku daga hagu", a koya musu karanta fuskar na'ura. Alamomin da ke maimaituwa ba su da yawa: gilashin bincike, ɗigo uku ko layi uku da ke ɓoye sauran zaɓuɓɓuka, alamar saiti, alamar maƙala fayil, kwandon shara, da kibiyar komawa baya. Wanda ya saba tsayawa ya tambayi kansa me yake so ya yi, da wace alama ce ta fi kama da wannan aiki, zai iya shiga manhajar da bai taɓa gani ba ya nemi hanya.

Ƙa'idar da na fi matsa wa masu koyarwa a kanta ita ce ta hannu. Na'ura tana zama a hannun ɗalibi. Phil Agre, wani masanin kwamfuta na Amurka, ya rubuta gajeriyar nasiha a 1996 kan yadda ake taimaka wa mutum da kwamfuta, kuma daga cikin abin da ya jaddada akwai cewa mai taimako kada ya karɓe allon rubutu, wato allon maɓallan haruffa na kwamfuta, ya zauna daidai da wanda yake taimakawa maimakon ya tsaya a kansa, ya kuma fara gano abin da mutumin yake ƙoƙarin yi kafin ya ba da amsa. Nasihar tana da sauƙin faɗi da wuyar bi. Matashin da ya ƙware, idan ya ga dattijo yana laluben maɓallin da ke gaban idonsa, hannunsa da kansa yake miƙewa, cikin daƙiƙa biyar ya gyara ya mayar, dattijon ya yi godiya, kowa ya ji daɗi. Amma abin da dattijon ya koya a wannan lokaci shi ne cewa aikin na masu sauri ne, kuma gobe ma sai ya nemi wani. Idan ya zama dole malami ya taɓa na'urar, to ya mayar da ita yadda ya same ta, ɗalibi ya sake yi da hannunsa. A kuma hana masu koyarwa cewa "ai wannan mai sauƙi ne", domin wanda ya kasa bayan ya ji haka zai ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne. Ƙwarewa kan mantar da mutum ƙananan matakan da ya bi kafin ya iya, shi ya sa wanda ya koya bara sau da yawa ya fi gwani iya koya wa sabon shiga.

Sai batun kuskure, wanda a ganina shi ne darasin da aka fi yi wa rowar lokaci. A farkon shekarun 1980, John Carroll da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin IBM sun zauna suna kallon ma'aikatan ofis suna koyon rubutu a kwamfuta. Sun lura cewa mutane ba sa bin littafin jagora shafi bayan shafi, tsallakewa suke yi su faɗa cikin aiki, kuma kaso mai yawa na lokacinsu yana tafiya ne wajen neman fita daga kurakuran da littafin bai ma san za a yi su ba. Da suka rubuta gajeren jagora mai farawa da aiki na gaske, mai kuma bayyana yadda ake gane kuskure da gyara shi, sai masu koyo suka fi saurin iyawa. Darasin da ke nan gare ki shi ne a koyar da hanyoyin fita tun ranar farko: yadda ake komawa baya, yadda ake soke abin da aka fara, yadda ake dawo da rubutun da aka share, yadda ake rufe tallan da ya rufe fuska, da yadda ake kashe na'ura a kunna idan ta daskare. Ina ba da shawarar malami ya sa kowa ya share fayil da gangan sannan ya dawo da shi daga kwandon shara, shi ma kuma idan ya yi kuskure a majigi kada ya ɓoye, ya gyara a hankali yana faɗin abin da yake tunani. Babba da ke tsoron lalata na'ura, ko yin asarar kuɗi, ko jin kunya a gaban yara, ba ya gwada komai, wanda ba ya gwadawa kuwa ba ya koyo. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya yi abu da kansa ya ga ya yi nasara, ya fi kallon wani ya yi, ya kuma fi kalaman ƙarfafa gwiwa. Saboda haka kada kowa ya fita daga zaman farko sai ya kammala wani aiki na gaske, komai ƙanƙantarsa, wanda zai iya nuna wa mutanen gidansa.

Yanzu in dawo kan masu cewa a ajiye na'ura kawai, mutane za su gano sauran. Hujjar da suka fi kawowa ita ce gwajin Sugata Mitra na 1999, lokacin da ya sa kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa a birnin Delhi na Indiya, yara suka koyi sarrafa ta ba tare da malami ba. Gaskiya ne yaran sun koyi motsa linzamin kwamfuta (maus) da buɗe shafuka da wasanni, amma yara ne masu lokaci, marasa tsoron kunya, kuma babu kuɗin kowa a cikin na'urar. A ɗaya gefen, shirin raba wa yara kwamfutoci mai suna One Laptop per Child ya samu bincike mai tsauri a ƙasar Peru, inda Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bibiyi makarantun firamare 319 na karkara. Rahoton da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun samu damar taɓa kwamfuta sosai, amma ba a ga ci gaba a sakamakon lissafi da harshe ba. A 2006 kuma, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun tattara hujjojin da ke nuna cewa sabon shiga yana buƙatar jagora bayyananne, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda na sabbin abubuwa kaɗan ne, kimanin guda huɗu bisa ƙiyasin Nelson Cowan na 2001. Wanda ke fama da riƙe linzami, yana neman harafi a allon rubutu, yana kuma ƙoƙarin fahimtar saƙon da ya fito a wani harshe, ba shi da sauran wuri a kai da zai gano wani abu da kansa.

Abin da ya dace ke nan shi ne malami ya nuna aikin gaba ɗaya sau ɗaya, a hankali, hannun kowa a sake, don a ga inda aka dosa. Sannan a yi tare mataki bayan mataki, ba a wucewa sai na baya ya iso. Sannan kowa ya yi shi kaɗai, daga ƙarshe a sauya misalin, wanda ya tura hoto ta imel yanzu ya tura takarda, ko ya tura hoton ta wata manhaja. David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross sun kwatanta wannan tallafi a 1976 da katakon da magina ke kafawa a jikin gini, wanda amfaninsa shi ne a cire shi idan gini ya tsaya. Masu koyarwa masu tausayi sukan manta da cirewar, su ci gaba da faɗa wa ɗalibi mataki na gaba har ranar yaye, shi ya sa kike ganin masu takardar shaida da ba sa iya motsi sai an tsaya a bayansu. Shirun malami na ɗan lokaci, yana kallon ɗalibi yana lalube, yana cikin koyarwa.

A ajin jama'a ba a samun mutane masu matsayi ɗaya, kuma babu tsarin da zai kawar da wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a zaunar da su biyu-biyu, da sharaɗin cewa wanda ya fi rauni ne ke riƙe na'ura, ɗayan ya yi bayani da baki. A samu mataimaki guda mai zagayawa ban da mai tsayawa a gaba. Ƙungiyar The Carpentries, mai koya wa masu bincike sarrafa bayanai, tana raba wa ɗalibai 'yan takardu masu launi biyu, ɗaya a liƙa idan an gama, ɗaya idan an maƙale, ta yadda mutum zai nemi taimako ba tare da ya ɗaga hannu a gaban jama'a ba, malami kuma da kallo ɗaya ya san ko ya yi sauri. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani, domin amsarta kullum "mun gane" ce, a ce wa mutum ya nuna. Idan kuma aka yi tambaya, a jira. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Kada kuma a ɗauka kowane matashi gwani ne don yana da saurin yatsa a dandalin sada zumunta. A binciken ƙasa da ƙasa na ICILS na 2018, wanda ya gwada 'yan makaranta matasa a ƙasashe da dama, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai suka kai mataki mafi girma na iya aiki da kwamfuta da tantance bayanai. Af, idan wani ya kawo miki takardar gwaji mai raba ɗalibai zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne, kada ki ɓata lokaci a kanta; bitar da Harold Pashler da abokan aikinsa suka yi a 2008 ba ta samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyarwa bisa wannan rabo tana ƙara fahimta ba.

Akwai cikas da ake ɗauka rashin fahimta ne alhali ba shi ba ne. Daga wajen shekara 40 idon yawancin mutane kan fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, don haka ɗalibin da ake ganin yana da nawa wataƙila haruffan ne ba ya gani, kuma ƙara girman rubutu a saitin waya ko tabarau na karatu zai warware matsalar a take. Masu larurar gani suna da TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone, masu karanta musu abin da ke fuskar waya, kuma ya kamata aƙalla malami ɗaya a cibiya ya iya kunna su. Wanda bai ƙware a karatu ba zai iya yin nisa da saƙon murya da bincike da murya da gane alamomi. Game da harshe, a yi bayani da harshen da ɗalibi yake tunani da shi, amma a nuna masa kalmar da ke rubuce a jikin maɓalli yadda take, domin ita zai tarar idan ya koma gida.

Tsarin lokaci ma ɗalibai ne ya kamata su zaɓa, bisa sana'o'insu da hidimar gidajensu. Gajerun zama da aka rarraba cikin makonni sun fi kwana biyu cur na horo, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, maimaitawa da tazara kuma ita ke rage ta. A buɗe kowane zama da sa mutane su yi aikin makon jiya daga ka, ba tare da an sake nuna musu ba. Gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tunowa ya fi sake karantawa zaunar da abu a kai. Takardar tunatarwa kuma a bar ɗalibi ya rubuta ta da kalmominsa ko ya zana alamomin da hannunsa. Kuma tunda babba dole wata rana uzuri ya hana shi zuwa, a tsara kowane zama ya tsaya da ƙafarsa, don wanda ya rasa ɗaya kada ya ji cewa an riga an wuce shi.

Wani abin da nake gani ana sakaci da shi shi ne sirrin ɗalibi. Don a yi sauri, malami kan buɗe wa aji duka imel, ya ba kowa kalmar sirri iri ɗaya ko ya rubuta su a littafinsa, wani lokaci har ya sa lambar wayarsa a matsayin lambar dawo da asusu. Wannan yana mayar da ɗalibi kamar baƙo a cikin asusunsa, kuma yana koya masa cewa ba wa wani kalmar sirri abu ne na yau da kullum, wanda shi ne ainihin halin da 'yan damfara ke nema. Ɗalibi ya zaɓi kalmarsa, malami ya kau da kai a fili lokacin da ake rubuta ta, ya kuma faɗi dalilin kau da kan. Kariya daga damfara kada a ware ta a darasin ƙarshe. Duk lokacin da lambar tabbatarwa ta shigo waya a cikin aji, a nanata cewa ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. A tambayi kowa a keɓe ko wayar tasa ce shi kaɗai ko ana raba ta a gida, domin shawarar da ta dace da mai waya shi kaɗai za ta iya jefa mai wayar haɗaka cikin matsala. Haka nan ba a ɗaukar hoton ɗalibai don rahoto ko talla sai da yardarsu, kuma a bayyana musu cewa ƙin yarda ba zai shafi karatunsu ba.

Game da ma'auni, Donald Kirkpatrick ya raba tantance horo gida huɗu tun 1959: ko mahalarta sun ji daɗi, ko sun koya, ko sun yi aiki da abin da suka koya bayan sun koma, da kuma ko hakan ya haifar da sakamako. Yawancin cibiyoyi a na farko suke tsayawa, su ƙirga kawuna da takardun shaida, domin shi ne abin da masu ba da tallafi suka fi tambaya. Ma'aunin da ya dace da tsarin da muke magana a kai shi ne a koma ga abin da ɗalibi ya faɗa ranar rajista, a ga ko yanzu zai iya yin sa a kan na'urarsa, ba tare da taimako ba, bayan makonni da kammalawa, da misalin da ba a yi a aji ba. Ina ganin ya fi kyau takardar shaida ta lissafa ayyukan da mutum ya nuna ya iya maimakon adadin makonnin da ya zauna. Idan kina son tabbatar da cewa ba a bar wani fanni a baya ba, tsarin DigComp da Tarayyar Turai ta fitar a 2013 ya raba ƙwarewar fasahar zamani zuwa fannoni biyar masu ɗauke da ƙwarewa 21, wato neman bayanai da tantance su, sadarwa da aiki tare, ƙirƙirar abu, tsaro, da warware matsala. Ki riƙe shi a matsayin abin dubawa na malamai, amma kada ya zama jadawalin da za a bi daga sama zuwa ƙasa.

Ya kamata ki sani cewa wannan tsari yana da tsada, ko da ba ta kuɗi ba. Yana buƙatar aji ƙarami ko mataimaka da yawa, yana cin lokacin shiri, kuma adadin waɗanda za ki yaye a shekara zai iya raguwa. Michele Schweisfurth ta yi bitar rubuce-rubucen bincike 72 a 2011 kan ƙoƙarin aiwatar da koyarwa mai sa ɗalibi a gaba a ƙasashe masu tasowa, kuma labarin da ya fi yawa a cikinsu na rashin nasara ne, saboda cunkoson aji, ƙarancin kayan aiki, da malaman da aka yi wa lacca kan sabon tsari alhali su kansu ba su taɓa zama ɗalibai a irinsa ba. Mutum yakan koyar ne yadda aka koyar da shi. Don haka idan za ki horas da 'yan sa-kan naki, ki ba su manhajar da ba su taɓa gani ba, mai rubutu da harshen da ba su iya ba, ki sa su yi wani aiki a cikinta a gaban juna, su ɗanɗani abin da ɗalibansu ke ji. Bayan haka su dinga shiga ajin juna da agogo, suna auna mintin da malami ya yi yana magana da mintin da hannun ɗalibai ya yi a kan na'ura, da kuma sau nawa malami ya karɓi na'urar wani.

Waɗanda suka zame daga ajin da ya wuce su ne suka fi kowa sanin inda tsarinku yake yoyo, don haka kafin ki buɗe sabuwar rajista ki sa a tuntuɓe su. Kada malamin da ya koyar da su ne zai kira, domin ladabi zai sa su ce aiki ne ya yi musu yawa. A sa wani daban, kada kuma ya tambaye su dalilin barinsu kai tsaye. Ya tambaye su wane aiki suka zo da niyyar iyawa, a wane zama suka daina zuwa, me ake koyarwa a ranar, da kuma wa ke yi musu wannan aikin a yanzu.